Shin Asiri Ne Ya Ba Dattijo Oscar Swahn Saiti?

Tambaya: Malam, ɗana ya shiga cikin 'yan farauta, kuma ya ji labarin wani tsohon Bature da ya ci lambar yabo ta harbi yana da shekara 72. Abokansa sun ce asiri ne, shi ya sa yake neman kuɗi a wurina ya je wajen boka a haɗa masa na saiti da na bindiga. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Hajiya, dattijon shi ne Oscar Swahn, mutumin ƙasar Suwidin da aka haifa a 1847. Fanninsa shi ne harbin siffar barewa da ake ja ta gifta da gudu a nisan kimanin mita 100, wanda dole maharbi ya bi ta da bakin bindiga, ya ɗan riga ta, sannan ya saki harbi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ya ci zinare biyu a Olamfik ta Landan a 1908, ya ƙara ɗaya a Stockholm a 1912, sannan ya samu azurfa a Antwerp a 1920, ɗansa Alfred yana cikin tawagarsa. Gaban alkalai da jama'a aka yi wannan duka, kuma natsuwar hannu da atisayen shekaru ne suka kai shi can.

Maganin bindigar da ɗanki yake nema shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, domin kusan kullum sai na ji shi a bakin matasa. Babu laya, babu guru, babu tsaga ko ruwan wanka da zai tsayar da dalma. Abin da bokan yake yi shi ne ya ɗura albarushi zalla ba harsashi, ya harba, a ji ƙara, a ga hayaƙi, yaro ya tashi lafiya ya biya kuɗi. Wani lokaci kuma albarushin ne ya yi sanyi bindiga ta ƙi tashi, sai a ce magani ya ci. Daga nan yaron zai koma gida ya ce wa abokinsa ya gwada shi da bindigar da aka ɗura da gaske, kuma idan aka kai gawa, bokan zai ce an karya ƙa'ida.

Kada ki ba shi ko sisi. Ki kira mahaifinsa ko kawunsa su zaunar da shi yau ɗin nan, su karɓi alƙawarinsa cewa ba zai tsaya gaban bakin bindiga ba, ko da an rantse masa babu komai a cikinta.