Yadda ake furta feristalsis da abin da take nufi

'Yar'uwa, kin tambayi yadda ake furta kalmar feristalsis da kika ji a bakin likita a Gombe, da kuma ko cuta ce. Gaɓoɓinta huɗu ne, fe-ri-stal-sis, ana ƙarfafa murya a kan ta uku, kuma da yake harafin farko p ne a Turanci, sai an haɗe leɓɓa gam kafin a saki iska.

Ba cuta ba ce. Motsin tsokar hanyar abinci ne daga maƙogwaro zuwa hanji, tana matsewa tana sakewa domin tura abinci gaba, shi ya sa ciki ke ƙugi. Kada ki rikita ta da feritonaitis, kumburin tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, wanda yake da haɗari sosai. Idan cikinki ya kumbura, ga amai, bayan gida kuma ya tsaya, ki garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.