Tambaya da Amsa: Me tsohon hoton sama zai tsinana?

Tambaya: Malam, na ji an ce masana taurari na komawa kan hotunan da aka ɗauka tun zamanin kakanni don auna inda duwatsun da ke kewaya rana suke. Tunda dutsen ya daɗe da barin wurin, me hoton zai ƙara? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, barinsa wurin shi ne amfanin. Wanda ya ga dutse na mako biyu kawai, lissafin hanyarsa na cike da kintace. In aka samo inda yake shekara hamsin baya, lissafin ya zauna daram.

Hotunan a farantan gilashi suke, taurari baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kai. Da yake madubin hangen nesa na bin taurari yayin ɗauka, dutsen da ke tafiyarsa daban sai ya bar ɗan gajeren zane kamar an ja layi da allura. Da haka Max Wolf ya gano Brucia a Heidelberg ta Jamus a 1891, dutse na farko da aka gano ta hoto. Jami'ar Harvard kaɗai na ajiye da faranti sama da 500,000.

Yau ana sa farantin a na'urar sikana, a auna tsakiyar zanen, a gwada shi da taurarin da ke kewaye. Amma su ma taurarin sun ɗan gusa tun lokacin. A nan kumbon Gaia na Turai, da aka harba a 2013, ya yi rana: ya auna matsayi da tafiyar taurari fiye da biliyan ɗaya, don haka ana iya mayar da kowanne gurbinsa na daren da aka ɗauki hoton.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. In mai ɗauka bai rubuta minti na buɗe kyamara da na rufe ta daidai a littafinsa ba, awon ya gurgunce, komai kyan farantin. Shi ya sa nake ganin littattafan nan sun cancanci adanawa kamar gilashin kansa.

Ga abin da ya faru a Maris 1998. An shiga fargaba cewa dutse mai lamba 1997 XF11 zai matso duniya ƙwarai a 2028. Masaniyar taurari Eleanor Helin da abokan aikinta suka binciko shi a hotunan da aka ɗauka a 1990 a cibiyar kallon taurari ta Palomar da ke Amurka, aka sake lissafi, aka ga zai wuce da tazarar da ta ninka nisan da ke tsakanin duniya da wata fiye da sau biyu.