Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tacewa Ba Ta Cire Zartsin Ruwan Rijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a babbar sakandare, daga Gwale. Ruwan rijiyar gidanmu zartsi gare shi. Umma ta tace shi da farin ƙyalle, ta sa masa alam, har tafasa shi ta yi. Ya yi garau, amma ɗanɗanon yana nan daram. A makaranta kuwa an ce mana tacewa tana raba abubuwan da suka cakuɗe. Me ya hana ta aiki a nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Malaminku gaskiya ya faɗa, Umma ma ba ta yi kuskure ba. Sai dai kowace dabarar rabawa da irin cakuɗen da take iyawa.

A kimiyyar sinadarai, abu zalla shi ne wanda iri ɗaya ne tak tun daga samansa har ƙasansa. Ruwa zalla haidirojin biyu ne da oksijin ɗaya a kowace ƙwayarsa, ba ƙari. Da wuya ki gamu da shi a gida. Mafi kusa da shi shi ne ruwan batir. Na rijiya, na famfo, na leda, duk gauraye ne. Iskar da muke shaƙa ma haka take: kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin.

To idan abubuwa sun gauraya, kowanne yana riƙe da halinsa, kuma ta wannan halin ake kama shi. Ki lura da Umma in tana rege shinkafa. Tana karkata ƙwarya, ruwa na ɗaukar shinkafar yana wucewa da ita, tsakuwa na zama a gindi domin ta fi nauyi. Rariya kuwa girma take dubawa, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Yaran da ke jan mayen ƙarfe a bola suna tsinto ƙusoshi, su ma wani halin suka samu: ƙarfe na mannewa, yashi ba ya mannewa.

Ƙyallen Umma ɗan'uwan rariya ne. Yana tare yashi da ɓurɓushi. Alam kuma yana dunƙule lakar da ta yi ƙanƙanta, ta yi nauyi ta kwanta, irin aikin da ake yi a matatar ruwa ta Tamburawa kafin a tace a sa kulorin. Amma zartsi ba yawo yake a cikin ruwan ba, narkewa ya yi. Gishirai ne na sodiyam da kalsiyam da magnisiyam da ruwan ya kwaso daga ƙasa, sun rarrabu zuwa ƙwayoyin da duk inda ruwa ya bi su ma za su bi. Ko ƙyalle goma kika ninka, tare za su wuce.

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, kada Umma ta daina. Tana kuma sauke wani ɓangare na kalsiyam, shi ne farin ɓawon nan da ke kama gindin tukunya. Amma gishirin bai tafi ko'ina ba. Ruwa ne ke tashi ya bar shi, shi ya sa daɗewa a wuta ƙara masa zartsi yake. Da haka mutanen Bilma a Nijar suke samun gishiri: rana ta shanye ruwan ramuka, su kwashe su yi kantu, ayarin raƙuma ya taho da shi har ƙasar Hausa.

Su gishirin suke so, ke kuwa ruwan kike so, saboda haka tururin za ki kama. Zuba ruwan rijiyar a tukunya, ki girka ƙaramin kwano a tsakiya bisa wani abu da zai ɗaga shi. Ki kifa murfin a juye, mariƙin na kallon kwanon, ki zuba ruwan sanyi a samansa, ki ɗora tukunyar a wuta. Tururi zai daki murfin ya koma ruwa, ya gangara ya ɗiga a kwanon. In ya huce ki ɗanɗana: salam, ba zartsi. Bambancin zafin tafasa ne ya yi aikin, ruwa na tafasa a wajen digiri 100, gishirin miya kuwa sai ya kai 801 kafin ma ya narke. Da wannan ƙa'ida matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, aka gina ta don raba fetur da kananzir da dizal daga ɗanyen mai.

Wannan gwaji ne na koyo, ba zai shayar da gida ba, gawayin da zai ci ya fi ruwan tsada. Shawarata, ku bar na rijiyar don wanki da wanke-wanke, ku nemi na sha daban. In kuma rijiyar na kusa da masai ko kwata, ina roƙon Umma ta sa a kai ruwan ɗakin gwaji, domin akwai narkakkun abubuwa masu cutarwa da harshe ba ya jin su.