Kifaye arba'in, babu tankin killacewa ko ɗaya

Wani mai sayar da kifin ado na ruwan gishiri ya rubuto cewa ya sayo kilawunfish guda 40, wato ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi uku, ta hannun ɗan kawunsa wanda ya tabbatar masa lafiyarsu ƙalau. Ya juye su cikin tankunan sayarwa. A kwana na huɗu suka fara haki, suka ƙi abinci, farin yauƙi ya rufe jikinsu, 14 suka mutu. Ya zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe bai ga canji ba. Tambayarsa biyu: wane magani zai saya, kuma ko ya ci bashi ya kawo wasu 200 don ya maida asara?

Malam, kuskurenka ɗaya ne, kuma ka yi shi tun ranar da ka kwance ledojin. Ka zuba sabon kaya cikin ruwan da tsohon kayanka ke ciki saboda ɗan'uwa ya ce lafiya lau. Wataƙila ma bai yi maka ƙarya ba. Kifi yakan ɗauko ƙwayar cuta a wurin numfashinsa yana iyo garau, sai wahalar tafiya ta fito da ita. Idon ɗan kawunka ba ya ganin wannan. Ba don rashin yarda ake killace kifi ba, kowane sabon kaya sai ya yi aƙalla kwana 30 a tanki na daban, da ragarsa da bokitinsa.

Kafin ka sake kashe kuɗi a kan magani, gwada ruwan. Kifi 40 a lokaci guda kan tayar da amoniya, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, ita ma tana sa haki. In ruwan lafiya yake, ɗauki tocila ka duba kifin da kyau. Yauƙi mai kauri da ke saɓulewa daga fata, da kifin da ke raɓewa a kusurwa ko yana hamma a saman ruwa, da mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku, alamun Brooklynella ne, wata ƙwayar cuta mai kama fata da wurin numfashin kifi. Ta fi kama kilawunfish, musamman wanda aka kamo daga teku, shi ya sa masu sana'ar ke kiranta da sunan kifin. Jan ƙarfe ba abin dogaro ba ne a kanta, wankan fomalin, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ake yi wa kifin, a wani mazubi daban mai isasshiyar iska. Abin da ka bayyana ya fi kama da wannan. Idan kuwa fararen ɗigo ne a warwatse kamar ƙwayar gishiri, wata ƙwayar cutar ce mai suna Cryptocaryon. Idan ƙura ce siririya da sai an haska ake gani, kifin kuma yana tsayawa a bakin famfo inda ruwa ke bugowa, ƙwayar cutar Amyloodinium ce, mai saurin kisa. Waɗannan biyun ne jan ƙarfe ke yi wa aiki, shi ma da na'urar auna shi a hannu, kuma ba a tankin da ke da murjani ko anemoni (halittar teku mai kama da fure) ko jatan lande ba, don zai kashe su. In za ka samu likitan dabbobi ya kankaro yauƙin ya duba a madubin likita, ka biya, ya fi maka araha a kan sayen magani uku da ka.

Na taɓa duba harkar wani da ya yi irin taka. Tankunansa duk ruwa ɗaya ke zagaya su. Fararen ɗigon Cryptocaryon suka fito wa kifayensa, suka ɓace bayan 'yan kwanaki, ya ɗauka an warke, ya ci gaba da sayarwa. Bai san ƙwayar sauka take yi ta kwanta a ƙasan tanki ta hayayyafa ba. Ta dawo ta ninka, ta kuma bi kifayen da ya sayar zuwa gidajen mutane. Kifin da ya mutu a hannunsa ya iya lissafawa. Masu sayen da suka daina zuwa, suna kuma gaya wa wasu dalili, su ne suka durƙusar da shi.

Don haka ka dakatar da sayarwa daga waɗannan tankunan yau. Kwashe dukkan kifayen zuwa wurin jinya, har da masu kama da lafiya. Tankunan su zauna babu kifi, mako shida ga Brooklynella, har kwana 76 idan Cryptocaryon ce. Na san cinikin wata biyu ne zai tafi, kuma da ciwo.

Batun bashin kifi 200 kuwa, a'a. Kashi 35 cikin ɗari na kayanka sun mutu, sauran 26 ba su tsira ba tukuna, ruwan kuma yana ɗauke da cutar. Garin neman ƙiba za ka samo rama. Wanda bai iya riƙe 40 ba, me zai yi da 200 ga mai bin bashi a ƙofa? Kuɗin da ya rage maka ka sa shi a tankunan killacewa biyu, da hita, da kayan gwajin ruwa, da littafin da za ka riƙa rubuta ranar isowar kaya, daga hannun wa, nawa suka mutu, a kwana na nawa. Odar gaba kada ta wuce kifi 15, ka nemi waɗanda aka haifa a gonar kifi ko da sun fi tsada. Ka kuma zauna da ɗan kawunka ku rubuta wanda zai ɗauki asarar kifin da ya mutu a makon farko, kafin ka sake tura masa ko sisi.