Faddan 20 na rogo, wa zai saya?

Wani ɗan kasuwar hatsi a Gadarif, ƙasar Sudan, ya aiko da tambaya: "Damina ta daina tabbas, dawa da riɗi suna ba mu kunya. Na ji rogo ba ya tsoron fari. Ina so in kwashe jarina in noma faddan 20 (faddan ɗaya kusan eka ɗaya ne) a wajen garin Damazin, ƙanina ya kula. Abokina ya ce cikin shekara kuɗin zai ninka uku. Me ka gani?"

Alhaji, ka faɗi gona, ka faɗi mai kula, har riba ka lissafa, amma ba ka ambaci wanda zai saya ba. Nan matsalarka take.

Abin da ka ji game da juriyar rogo gaskiya ne. In ya kama ƙasa, yakan jure watanni ba ruwa, ya kakkaɓe ganye ya jira. Shi ya sa Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa noma shi, take fitar da wajen tan miliyan 60 a shekara. Sai dai juriyar nan a cikin ƙasa take. Ranar da ka tone shi, kwana biyu zuwa uku kake da su. Ka karya saiwar a rana ta uku, za ka ga baƙin zane ya ratsa farin cikinta, kuma ba mai ba ka ko sisi.

Kai ka saba da dawa: ka zuba a sito, ka kulle, ka jira farashi ya tashi. Da wannan tunanin kake shirin shiga rogo, shi ne kuma zai cinye maka jari. Faddan ɗaya, in Allah ya ba da sa'a, zai iya ba da tan 3 zuwa 4. Faddan 20 ke nan tan 60 ko fiye. Wace kasuwa ce a nan za ta shanye wannan cikin kwana uku? Mutanenmu kisra (siririyar gurasa) da asida (irin tuwo) suke ci, na dawa. Rogo kuwa, wanda Larabawan Sudan ke kira bafra, yawanci dafawa ake yi a ci na marmari.

Na san wani bawan Allah da ya ɗauki 'yan ƙwadago suka tone masa gona kaf a yini ɗaya, wai don ya rage kuɗin aiki. Lorin da ya yi alkawarin zuwa bai zo ba sai da aka kwana biyu. Dillalai suka kewaye tulin, suna karya saiwa suna shinshinawa, ba wanda ya taya. Sun san shi ke gaggawa. Da la'asar ya sallama a farashin da ko kuɗin mota bai fitar ba.

Zancen ninki uku kuwa, ka tambayi abokin naka faddan nawa shi ya shuka.

Ka fara da faddan ɗaya ko biyu, a jigawa mai sauƙin tono. Baƙar lakar nan da kuke noma dawa a cikinta ba ta yi masa: da damina ta riƙe ruwa saiwa ta ruɓe, da rani ta ƙame. Kafin ka binne kara ɗaya, ka zaga wajen 'yan'uwanmu a Mai Wurno da Sennar, ka ji wa ke son garin kwaki, wa ke son alabo, buhu nawa a wata. Ka tanadi masu fere da wurin shanya, domin busasshe ne kaɗai zai zauna a sitonka. Ka lissafa da cewa kilo 4 na ɗanye ne ke ba da kusan kilo 1 na gari. In mai ɗaci ne, dole a jiƙa ko a goge a matse, don yana da guba.

Bayan wata 9 zuwa 12 rogo ya nuna, kuma yana iya ƙara watanni a ƙasa. To, gonar ce rumbunka. Ka gaya wa ƙaninka kada ya ɗaga fartanya sai an yi ciniki kuma mota tana tsaye a bakin gona.