Tsohon jig na huda ƙarfe: in saya ko in bari?

Tambaya: Malam, ni mai walda ne a Kaduna, ina haɗa injin markaɗe. Kullum ramuka huɗun da nake hudawa a farantin da motar da ke juya injin ke zama ba sa haɗuwa da noti, sai na faɗaɗa su. Na ga wani tsohon jig a wajen 'yan gwangwan, an ce daga rufaffiyar masana'anta ya fito. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi tunani mai kyau, domin matsalarka ta jig ce. Alamar da kake bugawa da hannu takan goce, bakin diril ma yakan yi yawo kafin ya kama. Jig kuwa yana riƙe aikin a wuri ɗaya, bushin ɗin da ke jikinsa, wato ɗan gajeren bututu da aka yi da ƙarfe mai tsananin tauri, shi ke tilasta wa bakin diril bin hanya guda. Faranti ɗari za ka huda, ramukansu su fito iri ɗaya.

Sai dai kada ka biya kuɗi tukuna. Yawancin jig na masana'anta an ƙera su ne don wani ɓangare guda na wani inji guda. In tazarar ramukansa ba ta zo daidai da ta farantinka ba, kyansa ba zai amfane ka ba. Ka tafi da farantinka, da ma'auni, da bakin diril ɗin da kake aiki da shi.

Ka fara duba awo. Tsofaffin kayan Ingila da Amurka da inci aka yi su, inci ɗaya kuma milimita 25.4 ne. Bushin mai rabin inci milimita 12.7 ke nan: bakin 12 zai yi lilo a ciki, bakin 13 kuma ba zai shiga ba. Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu, abin yana ba ni takaici, don awon minti biyu ya isa ya hana.

Sannan ka zura gindin bakin diril a kowane bushin, ka girgiza. In yana motsi, ko bakin ramin ya buɗe kamar mazurari, ya cinye. Tsatsar sama ba komai ba ce, kananzir da burushi za su fitar da ita. Amma in turakun da aikin ke jingina da su sun lanƙwashe, ko jikin ya tsage, ka bar musu kayansu.

In bushin ɗin suna da lafiya amma tazarar ba taka ba ce, ni dai zan saya a farashin kilo. Ka fitar da su, ka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe faranti mai kauri ya huda maka daidai da awonka, a matse su a ciki.

Tambaya daga wani mai tambayar: Jig ɗina yana cushewa da ɓarɓashin ƙarfe har baki ya karye. Me ke jawo haka?

Amsa: Bushin ɗin ya matso aikin da yawa. A ƙarfe mai fitar da dogon ɓawo, ka bar tazara kamar kaurin bakin diril ɗin tsakanin bushin da aikin. A ƙarfen zubi, mai fitar da gari, rabin haka ya isa. Ka riƙa ɗago baki kana sharewa, kana ɗiga mai.