Sayayyar sabon ɗalibi: kwamfuta, masauki da tukunyar girki

Wani magidanci daga ƙasar Gwaram ya rubuto: "Malam, ɗana ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, zai karanta kimiyyar kwamfuta. Ya ce dole sai da kwamfutar tafi-da-gidanka kafin ya tafi. Bijimi ɗaya nake kiwo. In sayar?"

Alhaji, Allah ya sanya albarka. Amma bar bijimin a turke tukuna. Yaronka bai yi ƙarya ba, mai wannan karatu zai buƙaci kwamfuta, sai dai ba ranar farko ba. Yawancin darussan aji ɗaya lissafi ne da kimiyya da Turanci da darussan gama-gari, kuma littafi da biro da waya mai buɗe takardun lakca sun isa a fara. Abin da ba ya jira shi ne kuɗin rijista da na masauki da na ci. Yaron da ya tafi da kwamfuta mai walƙiya babu ko tiyar wake a jakarsa, kafin zango ya raba shi da kansa zai nemi mai saye.

Ka bar shi ya yi zangon farko, ya ga irin wadda 'yan aji biyu da uku suke aiki da ita. In lokaci ya yi, ta hannu mai lafiya ta wadatar: a ce wa mai shago ana son mai ƙwaƙwalwa Core i5, ƙarfin riƙe aiki (RAM) 8GB, da ma'ajiya mai sauri irin ta SSD. Kada ku je shagunan titin Beirut a Kano ku kaɗai, ku tafi da wanda ya san kan abin. A cire caja a ga ko batirin zai riƙe awa biyu, domin wuta ba ta da alƙawari. A gwada kowane maɓalli, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar. In kuwa sai an sayar da bijimin, ai kai ne malamina a nan: gabanin Babbar Salla ya fi daraja a kan yanzu.

Wata ɗaliba daga wajen Rano ta ce ta samu Jami'ar Bayero, iyayenta suna so ta zauna gidan kawunta a Hotoro, ita kuma ɗakin kwanan ɗalibai take so.

'Yata, fara gano inda tsangayarki take, tsohuwar jami'a ko sabuwa da ke kan titin Gwarzo. Daga Hotoro zuwa sabuwar, sai kin keta Kano daga gabas zuwa yamma, adaidaita biyu ko uku, ga lakcar ƙarfe takwas. Lissafa kuɗin motar wata ɗaya ki ajiye gaban Baba, lissafin zai yi miki magana fiye da kuka. Akwai kuma abin da ba a faɗa a fili: 'yar ƙauye a gidan dangi ba ta iya cewa "ina da jarrabawa" idan an miƙo mata wanke-wanke. Ni dai hostel nake zaɓa miki, ki riƙa kai wa kawu gaisuwa ranar Asabar. Sai dai gadajen ba su kai yawan masu nema ba, don haka ki gama rijista da wuri ki nema ta shafin makaranta. Kada ki tura wa kowa kuɗi a asusunsa don ya ce yana da hanya.

Mai tambaya ko risho zai saya ko gas: ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3, tunda kananzir ya daina zama na talaka. Amma tambayi dokar hostel ɗinku kafin ka biya, kuma ku haɗa kuɗi da abokin ɗaki. Katifa da bokiti da gidan sauro da fitila mai caji, waɗannan ba a aro. Gero ko masara da aka niƙa, wake, kuka, daddawa, yaji, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ɗauko su daga gida, a birni ninki za ka saya.

Sai wani daga Kafin Hausa da ke tsoron bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, wai ko akwai riba a ciki. Bisa dokar da aka sa wa hannu a 2024, bashin ba shi da kuɗin ruwa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, wanda ya nemi na kashewa kuma ana ba shi naira 20,000 a wata, biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, ba kyauta ba, don haka ka zauna da mahaifinka kafin ka cike. Kuma kada ka ɗora tukunyarka a kansa, yana iya makara. Ka tafi da guzurin wata biyu a hannu, ka cike neman da kanka ba a shagon da za su riƙe lambobin sirrinka ba.